Ranar da Aka Bar Lauratu Ta Yi Barci

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Iya Zinariya a Limawa, kuma ɗakina a jikin katangar yake. Saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. Wani na ji da kunnena, wani na gani da idona, sauran kuwa Lauratu ce ta gaya mini da bakinta bayan komai ya wuce.

A shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka ce Dutse ce babban birni, ma'aikata suka yi ta kwararowa garin. Ofis bai isa ba, balle wurin kwana. Wasu a mota suke kwana, wasu su koma Kano da yamma su dawo da safe. Duk wanda yake da ɗakin da ya ba titi baya, sai ka ga ya kira magini.

Lauratu matar Abdulbaƙi ce, babban ɗan Iya, mai sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin. Daga Kiyawa aka kawo ta, kuma a lokacin tana da cikin fari wata shida. Ɗakinta ya fi kowanne kyau a gidan. Daɓen siminti ne, ga taga, ga gadon ƙarfe mai rumfa da katifa mai kauri da mahaifinta ya saya mata. Bayan ɗakin kuma a kan titi yake.

Wata safiya tana shara sai ga mijinta da magini.

Ta ce, "Malam, lafiya? Wani abu ne ya tsage?"

Ya ce, "Ƙofa za a fasa ta baya, a toshe wannan ta cikin gida. Wani ma'aikaci ne zai shiga haya. Ke za ki ɗan koma ɗakin ajiya."

"Ɗakin wake?"

"Na ɗan lokaci ne. Kafin ki haihu an gina miki wani."

Ta ce, "To a fito mini da gadon."

"Ina zai shiga? Kin san ɗakin ba zai ci gado ba. Kuma mutumin ya ce da gado yake so. Aro ne, ba sayarwa na yi ba."

Kafin la'asar an liƙe ƙofarta da bulo. Kwanukanta da akwatinta aka jibge a rumfar girki, aka rufa musu buhu.

Ɗakin ajiyar shi ne wanda ya haɗa bango da nawa. Taga babu, sai wata 'yar kafa kusa da rufi wadda hannu ɗaya ba ya wucewa da daɗi. An jera buhunan wake hagu da dama har kusa da kwano, ana jiran damina ta kusa ya yi tsada. Abin da ya rage a tsakiya faɗin tabarma ɗaya ne. Nan aka shimfiɗa mata.

Duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san yadda kwanciya take zama aiki. Ko a kan katifa ne sai kin yi dabara. Lauratu kuwa a kan daɓen ƙasa take. In ta kwanta rigingine numfashi ya tsaya mata a wuya. In ta juya dama ƙugu ya ɗauki zugi, in ta juya hagu gwiwarta ta bugi buhu. Da ta fara lumshe ido sai ƙwannafi ya taso, ko fitsari ya matse ta, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure har sai ta ciji zane don kada ta yi ihu. Ina kwance ina jin motsinta ta bango. Ta juya, ta yi nishi, ta tashi zaune, ta kira sunan Allah a hankali, ta sake kwanciya. Wani lokaci in ƙwanƙwasa bango sau biyu, ita ma ta ƙwanƙwasa, don dai ta san ba ita kaɗai ce ido biyu ba.

Ranar awo ni na raka ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta dubi idonta ta ce, "Ke kuwa kina barci?"

Lauratu ta sunkuyar da kai. Cikin fari ne, kunya ba ta barin ta ta yi maganarsa.

Matar ta ce, "Ki riƙa kwanciya ta gefen hagu. Ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki, wani a bayanki. Katifa mai laushi, ɗaki mai iska. Kin ji ko?"

Ta ce, "To."

Da muka fito na ce, "Me ya hana ki gaya mata?"

Ta ce, "Yaya Hamida, in ce mata me? In tona asirin gidan mijina a gaban mutane?"

Amma ta gwada a gida. Da daddare da ta kai wa Abdulbaƙi tuwo ta durƙusa ta ce, "Malam, ko katifar kaɗai a karɓo mini. In naɗe ta biyu za ta shiga."

Ya ce, "Haba Lauratu. In je in ce wa ma'aikacin gwamnati ya ɗaga in zare katifa? Da wane ido zan kalle shi? Ki yi haƙuri, saura ƙiris."

Ya wanke hannu, ya ɗauki tabarmarsa ya fita ƙofar gida. Zafi ya fara shigowa, mazan unguwa duk a waje suke kwana suna shan iska.

Washegari ta roƙi Iya ta bar ta ta riƙa shimfiɗa a tsakar gida.

Iya ta riƙe baki ta ce, "Mai ciki a fili da dare? So kike iska ta shafe mini jika? Ba a gidan nan ba."

"To Iya, ko a ƙasan ɗakinki ne."

"Ni da ba na jure motsi? Kuma ina aka taɓa yi, suruka da uwar miji ɗaki ɗaya? Ku 'ya'yan yanzu ba ku da ƙashi. Tara na haifa, duk a kan tabarmar kaba, ko matashi ban sani ba. Ga su nan garau."

A al'ada, da cikin ya shiga wata bakwai ya kamata a mai da ta Kiyawa goyon ciki. Yayarta Luba ta aiko sau biyu tana tambaya. Sai azumi ya kama, Iya ta ce a bari sai bayan Sallah.

Ta ce, "In ta tafi wa zai yi mana sahur? Ni da wannan gwiwar? Wata ɗaya ne, ba zai kashe kowa ba."

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo. Kwanon ɗakin yakan sha rana tun safe, da dare ya riƙa sauke ta a kan wanda yake ciki. Lauratu ta daina ƙoƙarin kwanciya ma. Zama take yi ta jingina bayanta da buhu, ta miƙe ƙafafu, gumi yana bin wuyanta. Can wajen ƙarfe uku, daidai lokacin da ɗakin ya ɗan huce barci ya fara fizgarta, sai muryar Iya ta taso: "Lauratu! A hura wuta!"

Da rana kuma in ta samu ta ɗan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, kai ya fara rinjaya, Iya na gani.

"Tashi, tashi. Barcin rana shi ke sa ɗa ya yi nauyi, ranar haihuwa ki ba mu wahala. Aiki ne maganin naƙuda. Ga geron kunu can ba a surfa ba."

Na taɓa ganin Lauratu ta katanga tana daka, idonta a rufe, taɓaryar tana sauka a gefen turmi. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Fuskarta ta yi wani irin fari, ƙasan idonta ya yi baƙi. Magana ma in kin yi mata sai ta daɗe tana kallonki kafin ta gane abin da kika ce.

A goman tsakiya na azumi Abdulbaƙi ya soka buhu ɗaya ya ga ƙwari sun fara huda waken. Hankalinsa ya tashi kamar an ce gidan ya kama da wuta. Kashegari ya dawo daga kasuwa da wani gwangwani cike da ƙwayoyi masu launin toka. Ya ɗaure hancinsa da bakinsa da hankici, ya riƙa ƙulle ƙwayoyin a tsumma yana cusawa cikin buhunan. Da ya gama ya taka buhu ya toshe 'yar kafar nan ta sama.

Lauratu ta ce, "Malam, nan ne fa kaɗai iska take shigowa."

Ya ce, "Mai maganin ya ce in iska tana shiga ba zai yi aiki ba. Kwana kaɗan ne."

"Warin yana hawa mini kai."

"Na ƙwari ne, ba na mutane ba. Duk 'yan kasuwa shi suke sawa."

Ya fito ya kwance hankicin, ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu.

Warin har ɗakina yana ratsowa, kamar tafarnuwar da ta ruɓe. Daga wannan daren sai tari ya ƙaru a kan nishin da na saba ji. Da safe ta ce mini kanta kamar ana sara shi da gatari, ƙirjinta kuma kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Abin da ta ci da sahur duk ya dawo. Iya ta ce laulayi ne, wasu har ranar haihuwa suke yinsa.

Kwana biyu bayan nan Lauratu ta share matattun ɓeraye uku daga bayan buhunan. Abdulbaƙi ya yi murna ya ce ashe maganin mai kyau ne. A rana ta huɗu aka tarar da kazar Iya, wadda take kwanci a lungun ɗakin, ta sandare a kan ƙwanta.

Nan ne na kasa haƙuri. Na yafa mayafi na shiga, na gaishe da Iya na ce, "Iya, abin da ya kashe kaza zai bar mutum?"

Ta ce, "Ciwon kaji ne, lokacinsa ne. Jiya ma na ji na gidan liman sun mutu."

"Ku bar ta ta kwana a ɗakina, Iya. Maigidana a waje yake kwana."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Watau mu ba mu da wurin ajiye matar ɗanmu sai a maƙwabta? So kike a yi da mu a unguwa? Hamida, ki kula da gidanki."

Na gaya wa maigidana da ya dawo. Ya ce ba a shiga tsakanin mutum da iyalinsa, kuma in ya sake jin na taka gidan da wannan magana ransa zai ɓaci. Na yi shiru. Wannan shirun har yau yana nan a wuyana.

Lauratu ta fara jan tabarmarta zuwa bakin ƙofa, tana kwantar da kanta a dokin ƙofar don ta shaƙi iska. Iya ta fito kewaya ta gan ta, ta ce rabinta a waje yake, duk ɗaya ne da kwanan fili, ta koma ciki. A ranar da yamma Lauratu ta leƙo ta katanga ta kira ni a hankali.

Ta ce, "Yaya Hamida, da can shi ne yake hana ni barci da shure-shure. Tun jiya ban ji shi ba."

Na ce, "Sukan yi haka in sun girma, wuri ya yi musu kaɗan." Ƙarya na yi mata, kuma ina jin ta sani.

Ta ce, "Na gaya wa Malam. Ya ce gobe kasuwa, jibi sai a je asibiti."

A daren ranar Abdulbaƙi ya ƙara sabbin ƙwayoyi, don ya ga ƙwaro ɗaya yana tafiya a jikin buhu. Na ji tarinta har wajen sha biyu. Daga nan ban sake jin komai ba. Na ƙwanƙwasa bango, ba a amsa ba. Wallahi abin da na ce a raina shi ne alhamdu lillahi, yau dai ta samu barci. Na juya na yi nawa.

Da hantsi ban ji ƙarar turmi ba, ban ji tsintsiya ba. Na manta da gargaɗin maigidana na shiga gidan. Iya na zaune a inuwa tana tsince shinkafa.

Tana ganina ta ce, "Yauwa, gara da kika zo. Ga ƙawar taki can da ake cewa mun hana ta barci. Tun jiya take sharar abinta. Na kira na kira, ko motsi. Ni na yi sahur da tsufana. Na ce a bar ta ta more, har ƙofa na ja mata don kada hayaniya ta tashe ta."

Ban san lokacin da na isa ƙofar ba. Ina turawa warin ya buge ni har na ja da baya. Tana kwance ta gefen hagu, ta cusa ƙullin zane tsakanin gwiwoyinta kamar yadda aka koya mata. Amai ya bushe a gefen bakinta, leɓɓanta sun yi baƙi. Na kama hammatarta na ja ta waje ina ihu. Iya tana cewa, "Ke, a hankali, za ki tara mana jama'a."

Jama'a kuwa sun taru. Mota ɗaya ce a layin a wannan lokaci, ta Malam Ashafa, ɗan hayar da yake ɗakinta, ya dawo ɗaukar wasu takardu. Bai tsaya tambaya ba ya buɗe mana baya. Muna tafe ina riƙe da kanta a cinyata ya ce, "Hajiya, a ina take kwana haka?"

Na ce, "A ɗakin wake. Nata ɗakin kai ne a ciki. Gadon da kake kwana a kai ma nata ne."

Ya ƙara wa motar gudu har muka isa. A makon ya kwashe kayansa, kafin Sallah kuma wani ya shiga.

Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya da gawa za mu kawo. Ita an samo ta. Ɗan kuwa namiji ne, cikakke, har da gashi, amma ya riga ya mutu a ciki. Likitan ya fito ya tambaya wane ne mijin, don an aika an kira shi daga kasuwa. Ya ce masa, "Kai ka sa mace mai ciki a ɗaki ɗaya da wannan magani ka toshe iska?" Abdulbaƙi ya ce shi bai sani ba, ba wanda ya gaya masa.

Da likitan ya wuce sai ya matso kusa da ni, idonsa jawur. Na ɗauka kuka zai yi.

Ya ce, "Hamida, don girman Allah kada a ce wake ne. In maganar nan ta shiga kasuwa ba mai sayen ko tiya ɗaya a hannuna."

Kafin gari ya waye an kwashe buhunan a kura an kai wani wuri. Mata masu zuwa jaje suka tarar da ɗakin a share, an buɗe kafar sama, an yayyafa ruwa. Iya tana karɓar gaisuwa tana cewa, "Wa'adi ne. Ba rabonmu ba ne. Yarinyar ce ma da zurfin ciki, da ta faɗa mana tana jin jiki ai da an san abin yi."

Luba ta zo daga Kiyawa ta tafi da ƙanwarta kai tsaye daga asibiti. Bayan arba'in aka tura dattawa biko har sau uku. Kowa haƙuri yake ba ta, ana cewa yarinya ce, Allah zai ba ta wani. Ta ce ba za ta koma ba. Da aka matsa, sai magana ta kai gaban alƙali.

Yau shekara goma ke nan. An gina Dutse, an ƙaddamar da shari'a, kullum lasifika tana tashi da wa'azi a kan tsawon mayafi da haƙƙin miji. Ina saurara, ina jiran ranar da wani zai hau mumbari ya ce barcin mace mai ciki ma haƙƙi ne. Lauratu tana nan a Kiyawa, tarin bai sake ta ba, kuma ko a sanyin hunturu ba ta yarda a rufe mata ƙofa. Ni kuwa duk lokacin da na tuna ta, ranar kotun nan ce take fara zuwa mini.

Na je a matsayin 'yar rakiya, ba a nemi shaidata ba. Alƙalin dattijo ne, ba mugu ba. Ya ce maganar jariri ta Allah ce, tunda ba wanda ya ɗura mata magani a baki. Sannan ya juyo gare ta.

"Yana dukanki?"

Ta ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Ya hana ki abinci?"

"A'a."

"Sutura fa?"

"Yana yi mini."

"To 'yata, me ya yi miki da ba za ki koma ɗakinki ba?"

Ta ɗago ta ce, "Wata biyu ya hana ni barci."

Sai wurin ya ɗauki dariya. Ɗan sandan kotu yana buga tebur yana cewa a yi shiru, shi ma yana danne tasa. Na waiwaya bencin baya inda mata suke zaune suna jiran a kira su. Har da su a masu dariyar, kuma biyu daga cikinsu da tsohon ciki.